Injin yankan ciyawa yana zubar da fetur, kuma muryarsa tana hawa da sauka: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina aikin kula da lambu a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake bayarwa haya, a bayan garin Riyad. Injin yankan ciyawar da nake aiki da shi, irin na turawa mai shan fetur, ya tsiro da halaye biyu. In ya kwana sai in tarar fetur ya jiƙa ƙasa ta wajen matatar iska, kuma sai na ja igiya har kafaɗata ta gaji kafin ya tashi da baƙin hayaƙi. In ya tashi kuma ba ya zama a murya ɗaya, sai ya yi sama ya yi ƙasa. Wani ya ce in sayi sabuwar kafireta, wani ya ce in ƙara ɗaure sifirin ɗin gwamna. Maigidan ya fara cewa ni na lalata masa inji. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu je ga kafireta, ka yi mini alƙawari ɗaya: kada ka sake jan igiyar nan sai ka duba baƙin mai. Ka ajiye injin a wuri mai lebur, ka zaro sandar gwajin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka duba ko man ya haura alamar cika, ka murza shi tsakanin yatsu, ka sansana. In ya tsinke kamar ruwan shayi kuma yana warin fetur, to fetur ɗin da kake gani a ƙasa ba shi kaɗai ne ya zuba ba. Wani ya bi ta bawul ya shiga silinda, ya sulale ta gefen ringi ya gangara cikin baƙin mai. Irin wannan ƙaramin inji man cikinsa bai fi kusan rabin lita ba, kuma yawancinsu ba su da famfon mai, fantsama shi kawai ake yi a ciki. Fetur kaɗan ya isa ya kashe masa danƙo.

An taɓa kawo mini wani daga wata istiraha ta wajen Abhur, nan arewacin Jidda. Da na kwantar da shi na tsiyaye man a cikin robar ruwa da na yanke wa baki, abin da ya fito ya tasam ma lita guda, a injin da rabin lita yake ci. Yaron da ya kawo shi har murna yake, wai injin ba ya shan mai ko kaɗan, kullum a cike yake. Kwana nawa ya yi yana yanka ciyawa da wannan ruwan, Allah kaɗai ya sani, amma da na juya shi da hannu ina jin ƙarar ƙarfe tana amsawa daga ciki. Kafiretarsa rabin sa'a ta ci mini, injin kuwa bai ƙara komawa daidai ba. Saboda haka in naka ya gauraya, ka zubar da shi, amma ka bari sai ka gama gyaran kafireta sannan ka zuba sabo, don kada ka yi asara sau biyu.

Yanzu ga yadda abin yake aiki, kuma ka riga ka san shi ba tare da ka sani ba. Ka tuna tankin ruwan da ke saman istirahar, da ƙwallon nan da ke yawo a kan ruwa, wanda in ruwa ya cika sai ya taso ya toshe bakin famfo. A ƙasan kafireta akwai ɗan kwano, cikinsa akwai irin wannan ƙwallo na roba ko na tagulla. Makanikanmu na gida suna ce masa fulot, a nan kuma in ka je shagon kayan gyara ka ce awwama, sunan da suke kiran ta tankin ruwa ma ke nan. A jikin awwamar akwai wata 'yar allura mai tsinin roba, Larabawa suna ce mata ibra. Fetur yana gangarowa daga tanki da nauyin kansa, kwano ya cika, awwama ta taso, allura ta toshe ƙofa. Shi ke nan. Duk fetur ɗin da ke cikin tankinka, wannan tsinin da bai kai ƙwayar gero ba shi ne yake riƙe da shi dare da rana. Ranar da ya kasa rufewa, fetur zai ci gaba da shigowa har ya tumbatsa ya fito ta maƙogwaron kafireta, abin da muke kira obafulo.

Abubuwa uku ne suke hana shi rufewa. Mafi yawa datti ne, ƙwayar rairayi ɗaya ko ɓarɓashin tsohon tiyo da ya maƙale tsakanin allura da mazauninta. Sai tsinin allurar ya cinye, ka ga wani zobe ya kewaye shi kamar an ɗaure shi da zare. Na uku, awwamar ta huje ta sha fetur, ta yi nauyi ta nutse, ko kuma ƙusar da take lilo a kai ta kama da danƙon tsohon fetur.

Ka yi aikin da sassafe, a fili, injin a sanyaye, babu mai shan taba kusa. Da ma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana tsakanin ƙarfe 12 da 3, kuma ko ba doka, fetur a buɗe cikin zafin Riyad da ke haura digiri 45 ba abin wasa ba ne. Ka cire hular fulogi ka kawar da ita gefe. In injin yana da makullin fetur a jikin tiyo, kamar yawancin na Honda, ka rufe. In babu, ka matse tiyon da filaya ka naɗa masa tsumma don kada ta yanke shi. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe, musamman inda siraran ƙarafan nan da sifirin suke maƙale, da yadda gaskit-gaskit suke jere. Rabin injunan da ake kawo mini a buhu, masu su sun iya kwancewa ne suka manta ramin da sifirin yake shiga.

Ka samu farin faranti ko murfin robar fenti mai tsabta, ka kwance notin da ke gindin kwanon a kansa. A na Honda da 'yan China masu kwaikwayonsa sifana mai lamba 10 ce take kama shi. Abin da ya zubo ka tsaya ka kalle shi da kyau, domin shi ne zai gaya maka tarihin injin. Jan gari a ƙasa rairayi ne ko tsatsa. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo tiyo ne yake ruɓewa daga ciki, sai an canja shi. Wasu 'yan ƙwallaye masu yawo a ƙarƙashin fetur kamar idon kifi, ruwa ne. In kuma cikin kwanon ya yi wani kore-kore ko ruwan ƙasa mai danƙo, yana warin tsohon fenti, fetur ne ya tsufa a ciki. Kada ka zubar da abin da ke farantin, za mu dawo kansa.

Ka zare ƙusar awwama, ka ɗago ta a hankali, allurar za ta biyo ta. Ka girgiza awwamar kusa da kunnenka. In ka ji motsin ruwa a ciki, ta gama aiki, babu liƙi babu dabara, sabuwa za ka saya. Ka duba tsinin allura a hasken rana. In ya yi zobe ko ya taurare, ka canja. Ramin da allurar take zama kuma ka fesa masa maganin wankin kafireta, ka sa audugar goge kunne ka murza. In mazaunin na tagulla ne, ɗan man goge baki a kan audugar yana fitar da shi fes, sai ka wanke sosai bayan nan. Wasu injunan Briggs & Stratton akasin haka suke, allurar ƙarfe ce zalla, mazaunin ne na roba, kuma shi ake canjawa. Irin wannan kada ka jiƙa shi da maganin wanki, yana kumbura roba.

Ga gwajin da nake so kada ka tsallake, ba ya cin ko halala. Bayan ka mayar da allura da awwama, kafin ka rufe kwano, ka sa guntun tiyo mai tsabta a bakin da fetur yake shiga. Ka riƙe kafireta a tsaye yadda take zama a jikin inji, ka hura: iska za ta wuce. Ka kifa ta, awwama ta koma sama nauyinta ya danne allura, ka sake hurawa: bai kamata ko kaɗan ta wuce ba. In ta wuce, ba ka gama ba, kada ka ɓata lokacin ɗaurawa.

Amma fa ba duk jiƙewa ce laifin allura ba, kuma a nan zan tambaye ka abin da watakila ba za ka so ba. Idan za ka kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashin injin, ta wane gefe kake kwantar da shi? Kiri-kirin nan da ake shukawa a istirahohi, in an ba ta ruwa da asuba aka yanka ta da danshi, tana liƙewa kamar tuwo, dole a kankare. In ka kwantar da inji matatar iska tana ƙasa, fetur zai zubo ta kafireta, baƙin mai ma ya biyo ya jiƙe matatar. Matatar takarda in ta sha mai ta toshe ke nan, inji ya rasa iska, ya yi ta baƙin hayaƙi kamar an ja cok. Kullum gefen matatar iska ya kalli sama. Sannan ka leƙa maƙogwaron kafireta bayan inji ya yi zafi, ka ga ko faifan cok ya buɗe gaba ɗaya. Sababbin injuna da yawa cok ɗinsu da kansa yake buɗewa in zafi ya taɓa shi, kuma ƙura tana sa ya cije a rufe. In naka mai ɗan jan balan-balan ne da ake dannawa kafin a tayar, sau uku ya isa in yana sanyi, in yana da zafi ba ya bukata. Akwai kuma tsofaffin Briggs da kafiretarsu take zaune kai tsaye a kan tanki. Waɗannan ba su da awwama sam, wata siririyar fatar roba ce tsakanin kafireta da tanki take tsotso fetur, in ta taurare ko ta lanƙwashe sai inji ya yi duka halayen nan biyu da ka faɗa. Irin wannan ana sayar da fatar da gaskit ɗinta tare.

Sai hawa da sauka. Injin nan yana da wani abu da ake kira gwamna, kuma sunan ya dace da shi, don aikinsa ya hana inji wuce gona da iri. In gudu ya ragu sai ya buɗe totur, in ya yi yawa sai ya rufe, yana riƙe shi a wajen juyi 3,000 a minti, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan gwargwadon ƙirar. To ka ɗauka fetur ɗin da ke isa silinda bai ƙoshi ba. Inji zai fara shaƙewa, gudu ya faɗi, gwamna ya wangale totur. Da totur ya buɗe sosai sai babbar hanyar fetur ta kawo, inji ya zabura, gwamna ya rufe, a koma ƙaramar hanyar da ta toshe, a sake shaƙewa. Wannan kai-komon ne kake ji. Gwamnan aikinsa yake yi tsakani da Allah, yunwa ce take damun injin. Wanda ya ce ka ɗaure sifirin zai sa inji ya riƙa gudu fiye da ƙima ne kawai har ka daina jin kukan, alhali a ƙarƙashinsa wuƙa ce ta ƙarfe take juyawa, ga tsakuwa a cikin ciyawa, ga 'ya'yan masu haya suna wasa a fili ranar Alhamis da Juma'a. Kada ka taɓa shi. Haka na sha ganin 'yan'uwanmu suna yi wa janareta, su saita shi da kunne yadda suka saba a gida, sun manta wutar Najeriya da Nijar mai bugu 50 a daƙiƙa (Hz) ce, inji yana juyi 3,000, ta Saudiyya kuwa 60 ce, sai ya kai 3,600. Saitin gwamna da na'urar auna juyi ake yin sa.

Kana iya tabbatarwa da kanka cikin minti biyu. Inji yana cikin hawa da sauka, ka rufe cok rabi, ko ka kare rabin bakin kafireta da ɗan kwali. In muryar ta daidaita nan take, magana ta ƙare: fetur ne ya yi kaɗan ko iska ta yi yawa. In kuma ya ƙara shaƙewa ya turnuƙe da baƙin hayaƙi, to fetur ne ya yi yawa, wato obafulon ne da kansa yake jawo abin, kuma gyaran allura zai iya kashe tsuntsu biyu. Shi ya sa nake cewa ka fara da zubar, ka tayar, ka saurara, sannan ka san ko akwai sauran aiki.

Ni dai a nawa ganin akwai, domin dattin da ya isa ya tokare allura ya isa ya toshe jet, wato ɗan ramin da fetur yake bi daga kwano ya haɗu da iska. Tunda kafiretar tana hannunka, ka gama da ita gaba ɗaya. Babban jet yana cikin ginshiƙin da ke tsakiyar kwano, ana kwance shi da sukudireba mai faɗin baki wadda ta cika tsagar daidai, don tagulla ce, in ta zame ta cinye. A bayansa akwai wani siririn bututu mai ƙananan ramuka a gefe, ka ƙwanƙwasa ya faɗo. A wasu injunan Amurka notin gindin kwanon shi ne jet ɗin kansa, ka duba jikinsa za ka ga ramuka, har da wani ɗan mitsitsi kusa da zaren da mutane ba sa lura da shi. Amma mai laifin hawa da sauka, sau tari, ƙaramin jet ne na silo, wanda yake ba inji fetur in totur ya kusa rufewa. A irin ƙirar Honda GX da 'yan kwaikwayonta baƙar roba ce a saman kafireta, ƙarƙashin sukurun silo. Ka ƙirga juyi nawa ka yi wajen kwance sukurun don ka mayar da shi yadda yake, sannan ka ɓanɓaro jet ɗin a hankali. Raminsa ya yi ƙanƙantar da sai ka ɗaga shi sama ka kalli rana ta ciki kafin ka san ko a buɗe yake.

Feshi kaɗai ba ya cika buɗe shi. Ka warware igiyar birkin keke ko wayar lantarki mai gashi, ka zaro sili ɗaya, ka zura a hankali har ya fita ta ɗaya gefen, ka fesa, ka hura. Ban da allurar ɗinki, ban da ƙusa, ban da tsinken sakace da zai karye a ciki. In ka faɗaɗa ramin, ka mayar da injin mashayin fetur har abada. Ka kare idonka lokacin feshi, domin ka fesa ta wannan rami ya fito ta wancan ya nufo fuskarka, kuma fitowar tasa ita ce shaidar hanyar ta buɗe.

In ka yi duk wannan bai daina ba, to iska ce take satar hanya. Ka duba gaskit ɗin da ke tsakanin kafireta da inji, da baƙin faifan roba mai kauri da ke tsakaninsu, yana tsagewa in an ɗaure noti da ƙarfi fiye da ƙima. Ka kama sandar totur da yatsa ka girgiza ta gefe da gefe. In tana kwaf-kwaf, ƙurar Najadu, yankin da Riyad take, ta cinye mazauninta, kuma wannan kam ba ya gyaruwa. A nan ne, ko in farin tsatsa ya ci jikin kafiretar daga ciki saboda ruwa, zan yarda da wanda ya ce ka sayi sabuwa. In za ka Sina'iyya, unguwar makanikai da shagunan kayan gyara, nemanta, ka tafi da tsohuwar a leda da hoton lambobin da aka buga a jikin injin, ba na jikin gangar da ake turawa ba, don kamfanin ganga daban, na inji daban. Kafiretoci biyu suna iya kama da juna kamar an tsaga kara amma girman jet ɗinsu ya bambanta. Kada kuma ka yar da tsohuwar.

Akwai wani ɗan gwaji na murfin tanki. In inji yana tashi lafiya, sai bayan minti goma ko sha biyar ya fara hawa da sauka ya mutu, ka sassauta murfin. In ya farfaɗo, ƙaramar kafar da iska take shiga tanki ce ta toshe da ƙura.

Duk wannan gyaran, in ba ka canja yadda kake ajiye fetur ba, bayan wata biyu za ka sake aiko mini da wannan tambayar. Bidiyoyin gyara da kake gani a YouTube yawanci daga Amurka suke, inda inji yake kwana a ɗaki duk tsawon hunturu, kuma yawancin fetur ɗinsu yana da kashi 10 cikin 100 na ethanol, shi ya sa maganarsu kullum a kansa take. Mu a nan zafi da ƙura ne abokan gabarmu, mu na Jidda kuma har da laima, wadda take zama ruwa a cikin tankin da aka bari rabi. Fetur in ya zauna a zafi, sassan da suke saurin kamawa su ne suke fara tashi, abin da ya rage ya yi kauri ya zama danƙo, kuma kwanon kafireta yana da kafar shan iska, a jikin inji mai zafi yake, nan ne ya fi saurin bushewa. Ka sayi abin da za ka ƙarar cikin mako uku zuwa huɗu, a jarkar da aka yi don fetur, mai murfi, a inuwa. Robar ruwan sha ba wurin fetur ba ce. Mazurarin da kake zubawa da shi, in a ƙasa yake kwana, kai da hannunka kake ɗura wa tanki rairayi. Ka sa shi a leda. Koren fetur mai lamba 91 ya ishi wannan injin. Jan nan mai 95 ba ya wanke kafireta, ba ya ƙara masa ƙarfi, kuɗin maigida kawai yake ci.

In tiyonka ba shi da makulli, ka sa a yanka a saka masa, da 'yar matatar fetur irin ta raga wadda aka yi wa injin da fetur yake gangaro masa da kansa. Matatar mota ta takarda tana iya riƙe fetur ɗin ta jawo maka yunwar da muke gudu. Kullum in ka gama yanka ka rufe makullin. In injin zai yi mako biyu ko fiye ba aiki, ka rufe yana kunne ka bar shi ya shanye na cikin kwano ya mutu da kansa. Matatar iska kuma littafin inji yana cewa a duba ta duk bayan awa 25 na aiki, amma duk ranar da aka yi guguwar ƙura a Riyad, washegari ka buɗe ta ka kakkaɓe. In wata rana aiki ya kai ka Ɗa'if ko Abha, ka sani can iska ba ta da kauri saboda tudu, Abha ta haura mita 2,000, inji yana rasa kusan kashi 3.5 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300, fulogi yana saurin yin baƙi, kuma maganinsa canja babban jet da wani mai ƙaramin rami ne, ba wanki ba.

Kafin ka tayar, ka kwance fulogi, buji suke ce masa a shago. Ka nisantar da hularsa daga ramin, ka ɗora tsumma a kai, ka ja igiya sau biyar ko shida don fetur ɗin da ya taru a silinda ya fita. In igiyar ta taɓa cijewa ta ƙi jawuwa da safe, wannan taruwar ce, kuma jan ta da ƙarfi a haka yana iya lanƙwasa abu a ciki. Ka wanke fulogin ya bushe, ko ka sa sabo, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Ka zuba sabon baƙin mai, SAE 30 ko 10W-30, a hankali kana dubawa da sanda, kada ya haura alama.

Maganar maigida kuwa, farantin nan da na ce ka ajiye shi za ka kai masa, tare da tsohuwar allurar a tafin hannunka. Ka nuna masa rairayin, ka nuna masa zoben da ke tsinin, ka gaya masa kana bukatar jarka mai kyau da makullin tiyo da sabuwar matatar iska. Daren farko bayan gyara, ka shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin injin, ka cika tanki, ka bar makullin a buɗe da gangan. Da asuba ka duba kwalin, ka sansana matatar iska, ka zaro sandar mai ka ga ko ta motsa daga inda ka bar ta. Abin da ka gani ka sanar da ni, tare da lambobin jikin injin, in ya so sai mu san ko akwai sauran abin dubawa.